Yadda Za Ka Sa Dusar Ƙanƙarar Garinku Ta Fi Ta Maƙwabta Yawa

Idan garinku ya gaji da shan kaye a lissafin dusar ƙanƙara, idan duk ƙarshen hunturu jarida sai ta buga sunan maƙwabta a sama naku a ƙasa, to ka zo inda za a share maka hawaye. Sunana Arvo Niemela. Shekara ashirin da bakwai na yi ina awon dusa a garin Kivela, kullum ƙarfe bakwai na safe, ko da sanyi zai cire mini kunne. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin ƙarin inci arba'in a hunturu guda, ba tare da sama ta ƙara zubo ko ƙwaya ɗaya ba. Ni na gwada su da hannuna. Suna aiki, har ma sun wuce inda aka aike su.

Mataki na 1: Ka san abokin gabarka

Ba ruwanka da biranen nesa. Abokin gaba shi ne garin da kuke shan iskar tafki ɗaya da shi, iskar da ke kawo muku dusa, wanda in ka hau tudu kana hango hasumiyar cocinsu. Namu Ronkala ne, mil goma sha huɗu daga nan. Duk watan Afrilu ake haɗa lissafin hunturu, garin da ya fi ya ɗauki Shebur ɗin Zinariya, wani tsohon shebur da aka shafa wa fenti, ya rataye a gidan shan kofin garinsu. Shekara tara a jere shebur yana Ronkala. A namu gidan kofin, na Doreen Kangas, ƙusa ce kawai ta rage a bango, har mutane sun fara rataya hula a kanta.

In abokin gabar ya zama ɗan'uwa, abin ya fi daɗi. Mai awon Ronkala, Wilho Rautio, mijin yayata Lempi ne. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun ranar da ya aure ta bai taɓa kirana da sunana ba sai Auta, ga ni da furfura har a gira.

A watan Nuwamban bara Doreen, wadda ita ce kuma shugabar kwamitin gari, ta ajiye mini kofi ta zauna a gabana. Da ka ga Doreen ta zauna, to akwai magana. Ta ce kwamiti ya yanke shawara, in shebur bai dawo ba a wannan hunturun, za a karɓe allon da ake auna dusa a kansa daga hannuna a ba malamin kimiyya na sakandare.

“Ba mu ce kai ke hana dusa sauka ba, Arvo,” in ji ta. “Amma dai shekara tara ke nan, kuma rula a hannunka take.”

Ba zan ɓoye maka ba, na tsorata. Tun da na bar aikin yankan katako, allon nan ne kaɗai ke tashe ni da safe, kuma shi ne dalilin da ya sa ake tsayar da ni a kanti a tambaye ni nawa ta sauka. Ka nemi irin wannan tsoron ka riƙe shi, domin mai kwanciyar hankali ba ya iya ha'inci yadda ya kamata.

Mataki na 2: Ka zaɓar wa allo mazauni

Littafin ofishin yanayi ya ce a ajiye farin allon katako a fili, nesa da gini da bishiya. To amma bai faɗi taku nawa ne nesa ba. Wannan gurbin an bar shi ne don masu basira.

Ka zagaya gidanka ranar da ake iska, ka ga inda dusa ke zuwa ta yi zango. Ni a bayan ɗakin wankan tururi na samu nawa wurin, inda iskar arewa ke bugun bango ta juyo ta sauke duk abin da ta kwaso daga gonakin mutane. In wani ya ce ai wannan ba daga sama ta faɗo ba, ka tambaye shi daga ina ta fito da farko. Duk dusa 'yar sama ce, wata dai ta biya ta wani wuri kafin ta iso.

Mataki na 3: Ka zama mai tsafta

Ga sirrin da jahilai ba su sani ba. Dusa tana danne kanta. Inci goma na safe, in ka bar shi zuwa yamma, sai ya koma bakwai. Shi ya sa doka ta ce kada a auna a share allo fiye da sau huɗu a yini, don kada lissafi ya kumbura.

Da kyau. Amma wace doka ce ta hana mutum tsafta? Ka fita da tsintsiya duk bayan awa guda. Tun da ka riga ka fito, ai ba laifi ka ɗan tsoma rula, kuma tun da ka tsoma, ɓarna ce ka ƙi rubutawa. In ka haɗa su da yamma za ka sha mamakin albarkar da ke cikin tsafta.

Mataki na 4: Ka kula da lafiyar rularka

Rula katako ce, katako kuwa yana cinyewa. Tawa ta shekara ashirin da bakwai tana dukan allo, saboda haka ban ga laifi ba da na taimaka mata da zarto, na rage mata rabin inci daga ƙasa, abin da dama shekaru za su rage. Tun daga ranar ko dusa ba ta yi niyya ba sai ta kai lambar da nake so.

Sannan kada ka tsayar da ita cak kamar soja. Ka ɗan kishingiɗar da ita. In tabarau ya yi hazo, ka ga lamba biyu, ka ɗauki babbar, don girmama na gaba tarbiyya ce.

Mataki na 5: Kada ka yi fariya, ka yi ƙorafi

Mai ƙarya shi ke murna da dusa. Mai gaskiya tsine mata yake yi. Saboda haka ka shiga gidan kofi kana dafe da ƙugu, ka zauna da ƙyar, ka ce kai kam ba ka taɓa ganin masifa irin ta bana ba. Ka bari su tambaye ka lambar, ka faɗe ta kamar mai sanar da rasuwa.

Babbar jarrabawa tana teburin Lahadi. Mu duk Lahadi a gidan Yaya Lempi muke cin abincin rana, burodin nan nata da take cusa wa nama da dankali. A tsakiyar Janairu Wilho ya buɗe jarida a kan tebur, ya daɗe yana kallon shafin yanayi, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

“Auta, ran Talata na bi ta garinku. Ko takalmina bai nutse ba. Na ga ka rubuta inci tara.”

“Ta wace unguwa ka bi, Tsoho?”

“Unguwa nawa gare ku? Titi ɗaya ne da kanti.”

“To ai ta bayan kantin ta sauka.”

Lempi ta ce duk wanda ya sake ambaton inci a teburinta zai ƙarasa cin abinci a gareji tare da kare. Ka lura da darasin: kada ka taɓa musun abin da mutum ya gani, ka dai nuna masa ba a wurin da ya kamata ya tsaya ba.

Mataki na 6: Ka ci moriyar aikinka

Kafin Janairu ya ƙare mun ba Ronkala ratar inci ashirin da biyu. Doreen ta sa aka sauke huluna daga ƙusa. Fasto ya ambace ni a huɗuba a matsayin misalin haƙuri. Ka karɓi irin wannan yabon da sunkuyar da kai.

Mataki na 7: Kada ka ɗauki wayar yayarka

Wannan matakin ya fi sauran duka muhimmanci, kuma a nan ne ni na faɗi.

Ranar uku ga Fabrairu Wilho ya fita awon safe, ƙanƙara ta kwashe shi a bakin ƙofa, ya karye a ƙugu. Bayan an yi masa aiki an dawo da shi gida, Lempi ta bugo ta ce wai yana son in riƙa auna masa allonsa kafin ya warke. Na ce mata ai Ronkala ba ta rasa mutane ba. Ta ce ta faɗa masa haka, ya ce duk garin babu wanda ya san bambancin dusar ƙanƙara da garin fulawa, ni kaɗai ya yarda da ni.

Ka ji dama. Rula biyu a hannu ɗaya. Ga yadda ake yi: ka auna nasu sau ɗaya tak, da la'asar, bayan dusa ta gama danne kanta, kuma in ka ga lamba biyu, wannan karon ka tausaya wa ƙaramar. Haka na yi sati guda cur, ratar ta kai inci talatin, ina tuƙa mota zuwa gida ina ta fito da baki.

Mataki na 8: In ka ɗauki wayar, to kada ka shiga ɗakin mara lafiya

Ka rubuta lamba a takarda ka tura ta ƙarƙashin ƙofa ka gudu. Ni ban yi haka ba, don Lempi ta ce sai na faɗa masa da bakina.

Yana kwance kusa da taga, ya rame, haƙoransa na roba suna cikin kofin ruwa. Kullum in na shiga sai ya ce, “Nawa, Auta?” In na ce inci ɗaya da rabi, sai ya gyaɗa kai ya juya fuska bango. Babu tsiya, babu zagi. Mutumin da ya shekara arba'in yana hana ni sakat ya koma yi mini godiya, kuma wannan godiyar ta fi zaginsa ciwo.

A kicin Lempi ta nuna mini kwanon abincin da bai taɓa ba. Ta ce kwana huɗu ke nan sai ruwan shayi. Washegari aka yi guguwar gaske, wadda ko ni ban iya rage ta ba, na shiga na ce masa inci goma sha ɗaya. Ya sa aka miƙo masa haƙora. Ya ci burodin nama ɗaya da rabi, ya ce ko a kwance yake sai ya binne Kivela, ya kira ni ɗan garin marasa dusa. Lempi ta juya baya tana share ido da gefen riga.

To kai me za ka yi? Na dubi bayan gidansu na ga rumbun ciyawa, na ga inda iska ke juyawa. Na ce bari in matsar da allon kaɗan, na kwana biyu kawai, ya samu ya ci abinci. Daga nan na kawo tawa rular. Daga nan na kawo tsintsiya. Kuma tun da mutum ba ya iya share allo biyu duk awa alhali mil goma sha huɗu na tsakaninsu, sai ya zama ina yini a Ronkala, nawa allon kuwa sai da yamma nake leƙa shi, bayan dusa ta kwanta ta yi lamo. Kullum ina cewa gobe zan daina. Kullum Tsoho yana ƙara loma.

Mataki na 9: Ka shirya fuskar da za ka karɓi sakamako

Ranar sha biyar ga Afrilu aka haɗa lissafi. Ronkala inci ɗari biyu da casa'in da ɗaya, Kivela ɗari biyu da tamanin da takwas. Tarihin yankinmu bai taɓa ganin mutumin da ya yi ha'inci a ɓangare biyu kuma ya kayar da kansa ba sai ni.

Doreen da kanta ta zo da mota ta ɗauki allon. Ba ta zauna ba. Na tsaya ina kallon wurin da ya bari a ƙasa, na ji kamar an cire mini haƙori.

Ranar Lahadi na tarar da Wilho a tebur, sandarsa a jingine, yana duba littafin awonsa shafi-shafi.

“Auta, ranar sha bakwai ga Maris ina kwance ina kallon rana ta taga tun safe har yamma. Ka rubuta inci shida.”

“Iskar tafki ce, Tsoho.”

Ya cire tabarau. “Haka ne,” ya ce. “Iskar tafki ce.”

Ya rufe littafin ya turo shi gabana. Ya ce likita ya hana shi sunkuyo har abada, allon Ronkala kuwa yana buƙatar mai sunkuyo, kuma ya ji labarin ba ni da aikin yi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. In an kama ka, ban san ka ba. In fasto ya janye yabonsa, in mutanen garinku suka daina amsa gaisuwarka, in ka shiga gidan kofi aka ce kofi ya ƙare alhali kana jin ƙanshinsa, duk kai ka jawo wa kanka, kamar yadda ni ma na jawo wa kaina. Idan kuwa kai ne malamin kimiyyar da aka ba allon Kivela, ka manta da duk abin da ka karanta a nan, ka bi littafin ofis sau da ƙafa, ka auna sau ɗaya da la'asar, mu mutanen Ronkala muna alfahari da gaskiyarka. Masu ƙorafi su same ni a bayan rumbun ciyawa ƙarfe bakwai na safe, amma su yi sauri, don akwai tsohon da ke zaune a taga ba ya karya kumallo sai ya ji lamba.