Likitan Shanu Shi Ne Na Goma Sha Huɗu

Ranar Talatar da ta wuce na gaisa da manya goma sha uku kafin azahar, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai san an yi ba. Ni kuwa ba gaisuwa ce ta fito da ni ba. Saniyarmu ce take naƙuda.

Fure muke ce mata. Ita kaɗai ta rage mana ni da Inna a ƙauyenmu da ke gefen Sara, kuma nononta ne cefanen gidanmu. Da hantsi haihuwa ta zo mata da gardama, ƙafa ɗaya ta ɗan maraƙin ta leƙo, sauran jikin ya ƙi biyowa. Inna ta gwada abin da ta sani. Maƙwabcinmu Baba Safiyanu, wanda ya tsufa a cikin shanu, ya gwada nasa, sannan ya wanke hannu ya ce wannan sai likita.

Likitan dabbobi a wajenmu yana ƙarƙashin wani gida ne da ba zan kama sunansa ba, rabinsa na hukuma rabinsa na 'yan kasuwa. Taki suke sayarwa da iri da maganin dabbobi, babban ofishinsu yana Birnin Kudu, suna da reshe a Gwaram. Mu dai Gidan Taki muke ce masa. Da can lambar likita tana rubuce da fenti a bangon kasuwa. Bara aka shafe ta, aka rubuta wata lamba guda ɗaya, aka ce an kawo wayar intanet wadda ta haɗa duk ma'aikatan gidan a kundi ɗaya, ka kira lamba ɗaya ka samu duk wanda kake nema. An kafa rumfuna, an yanke kyalle, an yanka raguna, an ce daga ƙasar waje aka yo odarta da ɗan karen tsada.

Gaskiya na yi murna a lokacin. Ni mutum ce da ko sallama a ƙofar shagon da maza suka cika sai na yi ta sau uku a zuci kafin ta fito. Na ce to, Allah ya kawo abin da zai raba ni da shiga ofis.

A gidanmu sabis ba ya kamawa sai a kan surin da ke bayan danga. Na hau, na kira. Wata murya mai daɗi ta yi mini sallama, ta ce barka da zuwa. Sannan ta ce: "Domin magana da Mai Girma Shugaba, Alhaji, Dakta, Injiniya, Rumbun Talakawa, Rijiyar Makiyaya, Damunar Kudu, Allah ya ja zamaninsa, danna ɗaya."

Wayar a buɗe take, Baba Safiyanu yana tsaye a gindin surin yana ji. Sai na ga ya gyara hula ya ɗan rusuna.

"Amin, amin. Ranka ya daɗe. Ya iyali?"

"Baba, na'ura ce."

"To na'urar ba ta gaishe ki ba? Ki amsa mana. Yaran yanzu."

Na biyu Mataimakin Shugaba na Ɗaya ne, shi ma da nasa jerin. Na uku Mataimakin Shugaba na Ɗaya na Musamman, kuma nasa jerin ya fi na wancan tsawo da laƙabi guda, da alama an yi ciniki. Muna kan na biyar sabis ya ɗauke. Na sake kira, muryar ta sake yi mini sallama, ta koma kan Rumbun Talakawa tun daga Alhaji.

Daga cikin gida ina jin nishin Fure, ina jin Inna tana lallashinta kamar 'yar da ta haifa.

A kira na uku na ce bari in yi rashin kunya in danna tun ba a gama ba. Na danna tara, don kawai in ga inda zan faɗa. Muryar ta ce, cikin ladabi, "A yi haƙuri a saurari sunayen shugabanni har ƙarshe," ta koma farko. Baba Safiyanu ya gyaɗa kai.

"Kin gani? Ta fi ki tarbiyya."

A kira na huɗu na kai na bakwai. Muryar ta jero laƙubban Babban Darakta mai kula da tsare-tsare, ta ƙare da "Allah ya jiƙansa, danna bakwai." Na ɗauka kunnena ne. Baba Safiyanu ya shafa fatiha, ya ce ai wata shida ke nan da rasuwar, shi ma ya je gaisuwa.

Sai a kira na shida Allah ya nufa na ji ƙarshe. Bayan manya goma sha uku, muryar ta ce a taƙaice, ba Alhaji ba Malam, "Likitan dabbobi, danna goma sha huɗu." Na danna ɗaya, kafin yatsana ya kai huɗu har ta wuce da ni ofishin Shugaba. Wayar ta yi ta ƙara a can Birnin Kudu, sannan aka ce mini Mai Girma yana halartar taron ƙara wa juna sani kan kyautata hulɗa da jama'a. Nan katina ya ƙare.

Na yafa mayafi na tari ɗan acaɓa zuwa Gwaram, wato na tafi yin abin da aka kawo na'urar don kada in yi.

A harabar reshen na tarar da wani mutum zaune a ƙarƙashin darbejiya, babur ɗin ofis a jingine kusa da shi, jakar magani ɗaure a baya, yana ɓare gyaɗa. Na tsaya nesa na yi sallama, sai da na maimaita ya ji. Shi ne likitan, Malam Ikrima. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya zubar da gyaɗar ya miƙe, sannan ya tsaya cak.

"Kin kira?"

"Sau shida, Malam."

"Bai shigo ba. 'Yar'uwa, kwana tara ke nan wayar teburina ba ta yi ƙara ba. Kuma doka ce daga sama, ba a ba ni makullin babur da na ɗakin magani sai kira ya shiga na'ura, don a ga ana amfani da ita."

"To ga ni a gabanka."

"Ni na gan ki. Na'ura ce ba ta gan ki ba."

Ya ce in biyo shi. Muka ratsa ɗakin da maza shida suke zaune, idona a ƙasa, har wani ɗan ƙaramin ɗaki mai kwamfuta da wayoyi a jikin bango. Wata mata ce a ciki, Lailatu, ita take kula da na'urar. Ta saurare mu, ta ɗaga wayar teburinta ta danna wasu lambobi guda uku na cikin gida. Nan take muka ji ƙara a ɗakin likita. Malam Ikrima ya ruga ya ɗauka, ta miƙo mini, na gaya masa ta waya abin da na gaya masa a ƙarƙashin bishiya, muna hango juna ta taga. Ya ce to, ya ji, zai zo.

Kafin mai ajiyar makulli ya dawo daga cin abinci, na yi ƙarfin hali na tambayi Lailatu ko na'urar ce ta lalace.

"Lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Kin san manhajar nan kyauta ce?"

"Kyauta kamar yaya, Anti? An ce odarta aka yo."

Ta yi murmushi ta ce ita ba ta san abin da aka yo oda ba, ita dai da hannunta ta sauke ta daga intanet. Ta ce mutane ne a ƙasashe daban-daban suka taru suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya dace da aikinsa, ba sisi. Guda biyu ce: ɗaya kundi ne mai riƙe sunan kowane ma'aikaci da aikinsa da lambarsa, ɗayar ita ke ɗaukar kira ta kai shi inda kundin ya nuna. Ka gyara kundin sau ɗaya, duk wayoyin Birnin Kudu da Gwaram su bi.

"Ranar da na haɗa ta," ta ce, "ɗaya likita ne, biyu taki, uku iri. Shi ke nan. Mutum ya kira ya danna ya wuce."

Ta ce daga nan aka kai wa manya su gani. Wani ya tambaya, cikin girmamawa, ko a wane gari ne ake shiga gida a wuce maigida a fara gaida mai ba shanu magani. Aka kafa kwamiti. Kwana uku ana zama a kan wa zai bi wa. Da aka gama, Shugaba ya lura cewa mutane za su iya danna lamba su tsallake sunansa, ya ce ai wannan katse babba ne yana magana, a toshe.

"Marigayin fa?" na tambaye ta.

"In na cire shi, na takwas ya zama na bakwai. Na tara kuwa ya rantse shi ya riga na takwas shiga aiki. An ce a bar shi a nan, shi kaɗai ne ba ya rigima."

Ina so a nan in yaba wa shugabanninmu, don ba ƙaramin aiki suka yi ba. Mutanen duniya sun taru sun yi abu don ya rage wa talaka tafiya, sun bayar kyauta. Su kuma a kwana uku rak suka koya masa durƙuso. Wata ƙasar sai ta shekara ba ta iya wannan ba.

Mun isa gida bayan azahar, ni a acaɓa, likita a gaba. Malam Ikrima ya naɗe hannun riga ya sa safar hannu har kafaɗa, ya mayar da ƙafar ciki, ya juya, ya jawo. Fure ta rayu. Ashe maraƙa ce, fara sol kamar uwarta, amma ba ta numfashi. Likita ya yi ta murza ta da buhu, ya hura mata hanci, daga baya ya zauna a ƙasa. Ya ce da da hantsi ne. Bai ƙarasa ba, Inna ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Baba Safiyanu ne ya haƙa rami a bayan danga, daidai gindin surin, kuma wannan karon bai goyi bayan na'ura ko manyan ba.

Ranar Alhamis saƙo ya shigo wayata daga Gidan Taki, suna godiya, suna sanar da ni cewa an amsa kirana cikin daƙiƙa huɗu. Na ji an ce har an sa wannan a rahoton da za a kai sama. Ban yi musu ba. Kiran da Lailatu ta yi daga ɗaki zuwa ɗaki ai bai wuce haka ba.

Jiya Malam Ikrima ya dawo duba Fure, ya kawo mini saƙon Lailatu. Ta ce ta sake duba takardar kwamiti, ta ga an raba ɗaya zuwa goma sha huɗu, an hana tsallake su, amma ba wanda ya ce uffan a kan sifiri. Babu babban da ya nemi a ba shi ita. Don haka ta ba likita, ta haɗa ta da wayar hannu ta ofis da yake yawo da ita. Na hau suri na gwada, ana cikin Alhaji, Dakta na danna, sai ga wayar ofis tana ƙara a aljihun Malam Ikrima a tsakar gidanmu.

Saboda haka makiyayan Sara da Kwandiko da Surko, in ta kama ku, ku amsa sallama, don babu kyau a ƙi, sannan ku danna sifiri. Roƙona ɗaya, kada wani mai neman suna ya je ya gaya wa Rumbun Talakawa cewa a lissafi sifiri tana gaban ɗaya, don ranar zai karɓe ta. Ni dai da gangan na ajiye maganar a ƙarshen shafi. Na lura manyanmu daga inda laƙabinsu ya ƙare suke daina karatu.