Ƙwan Dakta a Akurkin Goggo

Shekarar da dizal ya gagari jami'armu, injin ɗumama ƙwai ya mutu da ƙwan binciken Dakta, shugaban ɗakin gwajinmu, a ciki. Aikina shi ne duba yadda ɗan tsako ke ƙulluwa a cikin ƙwai, don haka na bugi ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, kazar Goggona a Karare ba ta shan dizal."

Na rungumo su cikin auduga har gida, na tura su ƙarƙashin kazar da ke kwanci. Ban gaya wa Goggo ba. Ina ita ina kimiyya?

Da safe ta ajiye mini dafaffen ƙwai ɓararre, cike da kwano. A wannan tsadar! Na cinye tas, ina ta santi.

"Ci, ɗan nan," in ji ta. "Ikon Allah, kazar nan jiya ta zuba ƙwai har da lamba a jiki."

Na duba ɓawon ƙwan da ke zube a tsakar gida. Rubutuna ne.

Dakta bai kore ni ba. Amma har yau, in na yi hamma a ɗakin gwaji, sai ya ce, "Ku kulle injin, ɗan Goggo yana jin yunwa."