Otis, Akwatin Maganar Darla, Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da suka rasa abin kamawa, ni Roland Tibbets na garin Duluth, direban motar share ƙanƙara, a madadin matata Noreen da ɗanmu Lyle, da kuma ’yarmu Darla wadda rashin ya fi shafa, nake sanar da ’yan uwa da maƙwabta da jama’ar cocinmu rasuwar Otis, akwatin maganar Darla. Ya cika ranar Talata da safe a kan teburin kicin, bayan jinyar wata bakwai. Shekararsa goma sha shida a gidanmu. Ainihin shekarunsa ba mu sani ba, domin da tsufansa muka same shi.

Ga waɗanda ba su san gidanmu sosai ba, Darla shekararta ashirin da uku. An haife ta da larurar da ta hana jikinta bin umarninta. Ba ta tafiya, harshenta ba ya haɗa kalma, hannuwanta kuma inda suka ga dama suke zuwa. Abu ɗaya ne yake jin maganarta a jikin nan, gaɓar babban yatsanta na hannun hagu, ita ma sai an yi mata haƙuri. Kanta kuwa ƙalau yake, ya ma fi nawa. Marigayin shi ne bakinta tun tana ’yar shekara bakwai.

Ba kyakkyawa ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Akwati ne ruwan toka mai nauyin tsiya, da maɓallai talatin da biyu, kowanne a cikin raminsa, yadda idan yatsa ya faɗa ciki ba zai zame zuwa na kusa da shi ba. Wata malama ce ta ciro mana shi daga kabad ɗin makaranta. Muryarsa kamar tsoho mai mura yana magana a cikin bokiti. Lyle ne ya raɗa masa suna, wai muryar sak ta wani tsoho Otis mai sayar da tsutsar kamun kifi a bakin tafki. Sai ga ’yar yarinya cikin rigar furanni tana neman ruwa da muryar mai tsutsa. An taɓa cewa za a sa mata muryar mace. Ta danna “A’a” sau huɗu a jere, aka bar zancen.

Marigayin ya kasance mai haƙuri irin wanda ban gani a wurin mutum ba. Bai taɓa katse ta ba. Bai taɓa ƙarasa mata magana ba, abin da ni ubanta nake yi kullum ina jin kunya daga baya. Idan hannunta ya ɗauki minti guda yana lilo a sama kafin ya sauka, to minti gudan nan shiru zai yi. Ga riƙon amana. Kalmar da ka bari a wani rami yau, a nan za ka same ta bayan shekara goma. Har ta kai Darla ba ta duban sa. Hannunta ya san hanya, kamar yadda nawa ya san giyar motata.

Ladabi kam ba shi da shi, kuma duk cocinmu shaida ne. Wata Lahadi wa’azi ya yi tsawo, ana ta muskutawa a kan benci, sai muryar nan ta tashi daga layi na biyu: “Ya isa haka.” Fasto ya dubi agogonsa, ya ce, “’Yar’uwa Darla ta fi ni gaskiya,” ya rufe littafi. Akwai maɓallin “Ƙarya ne,” wanda ni na fi kowa shan sa, musamman idan ina ba da labarin girman kifin da ya kuɓuce mini. Akwai “Tafi can.” Akwai “Kuma.” Akwai “Ciwo.” Akwai wanda Lyle ya saka a ɓoye yana ɗan shekara goma sha biyu, “Wari kake yi,” wanda Noreen ta yi rantsuwar cirewa amma ba ta cire ba har yau.

Sarkinsu duka shi ne na kusurwar hagu ta ƙasa, inda hannunta ya fi saurin kaiwa. “A’a.” Rubutun kansa ya goge tun da daɗewa, robar ta lotsa daidai girman gaɓar yatsanta. Mutumin da wasu ke ɗagawa, su yi masa wanka, su sa masa abinci a baki, wannan kalma ce kaɗai ƙofar da yake iya rufewa da kansa.

Ciwon ajalinsa ya fara a watan Afrilu. Batirinsa ya kumbura, murya ta soma ja, “Baba” ya koma “Baaa,” Lyle yana cewa an mayar da ni tunkiya. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. Sau uku muna kai shi wurin Mista Aho mai gyaran rediyo, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. A zuwa na uku ya cire tabarau ya ce, “Roland, ni ba annabi ba ne. Kayan cikin nan sun girme wa jikana. Ka kai shi gida, ka daina jijjiga shi.”

Sai aka kawo mana magaji. Allon gilashi ne, siriri, mai sheƙi, wai yana da basira irin ta mutum. Yana sauraron abin da aka tambaye ta, ya fito da amsoshi uku manya a fuskarsa, ita kuma ta taɓa ɗaya. Muryarsa ta budurwa ce mai daɗi. Wani saurayi mai suna Kieran ya zo daga kamfanin ya nuna mana, yaro mai kirki, har takalminsa ya cire a bakin ƙofa.

Ya ce, “Yallaɓai, mu abin da muka yarda da shi, na’ura ta ƙwarai ita ce wadda ta san abin da mutum yake so tun bai nema ba. Da tsohon akwatin nan minti guda take yi kafin ta faɗi kalma biyu.”

Na ce, “To ina za ta? Jirgi ne zai tashi ya bar ta?”

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Lyle ya ce, “Baba, ka bar ɗan mutane ya yi aikinsa. Kai da har yau wayarka mai murfi ce.”

Na ce a nuna mini inda “A’a” yake. Ya shafa, ya shafa, ya ce ga shi a shafi na uku. Ya ce amma da wuya ta buƙace shi, don allon yakan ba ta wadda ta fi taushi, irin “Na gode, wataƙila an jima,” wai mutane sun fi karɓar wannan.

Abin da babu wanda ya lura da shi a ranar, har ni, shi ne allon yana ajiye amsar da yake ganin ta fi dacewa a gefen hagu, don ya sauƙaƙa mata. Amsar da ta fi dacewa a wurinsa kuwa kusan kullum “E” ce. Hannun da ya yi shekara goma sha shida yana zuwa hagu don ya ƙi, yanzu idan ya je hagu sai ya yarda. Gilashi kuma ba shi da rami, ba ya jiran a danna. Shafa kaɗai ta ishe shi.

A cibiyar masu larura da take wuni aka fara ba ta koren wake, abin da ta tsana tun tana goye. Aka tambaye ta, allon ya ce, “Na gode, yana da daɗi sosai.” Aka ƙara mata. Da ta dawo gida na ɗora mata marigayin a gabanta, yana ciwonsa, ya ja murya ya ce, “Ƙarya ne. Ƙarya ne. A’a.” Na kira Kieran. Ya zo ya kafe “A’a” a hagu, ya ba da haƙuri. Bayan kwana uku allon ya sabunta kansa, ya sake jera komai bisa abin da ya ce ya koya daga gare ta. Abin da ya koya shi ne Darla mai yawan yarda ce.

Ba zan zalunci magajin ba. Yana karanta mata saƙon ƙawayenta, yana sa mata waƙa. Wata rana Otis yana hutawa a kan firji, allon ya ce, “Ina son ki, Mama, na gode da duk abin da kike yi mini.” Noreen ta durƙusa a gaban keken guragun Darla tana kuka. Shekara ashirin da uku tana jiran magana mai tsawon nan. Ni ina tsaye a bakin firji, kuma abin da na gani shi ne hannun Darla yana neman kofin lemo ya gogi gilashin allon a hanya. Wataƙila idona ne. Ban faɗa wa Noreen ba sai yanzu da za ta karanta a nan. Ki yafe mini, Noreen. Maganar gaskiya ce ko da ba ita ta faɗa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sanarwa, ni da ba na rubuta komai sai rahoton hanya. Bayana ya lalace. Likita ya ce idan na ci gaba da ɗaga Darla, keke biyu za a saya a gidan nan. Noreen ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai, Lyle kuma yana aiki a jirgin ruwa wata takwas a shekara. An samo mata gurbi a wani gidan kula da masu larura, tafiyar awa biyu daga nan. Ranar Juma’ar da ta wuce shugabar gidan ta zo, mace mai hankali, ta zauna daidai fuskar Darla, ta ce, “Darla, ke nake tambaya, ba iyayenki ba. Kin yarda ki zo ki zauna tare da mu?”

Hannun ya tashi, ya yi lilo, ya sauka a hagu. Muryar budurwar allon ta ce, “E, na yi murna ƙwarai.”

Matar ta rubuta. Ta ce mana, “Kai, kun yi sa’ar yarinya mai sauƙin kai.” Lyle ya fita waje, don shi ya san ƙanwarsa.

Wata biyu ke nan tana amfani da allon, kuma ta fara koyon sa. Wani lokaci hagun nan “E” take nufi da gaske. Wani lokaci tsohon hannun ne. Marigayin kaɗai zai iya raba mana, kuma yana nan a kan firji, da sauran numfashinsa. Ban sauko da shi ba ranar Juma’a. Ban sauko da shi ba Asabar, na ce ta gaji. Lahadi na ce bayan coci, Litinin na ce aiki. Tsoro nake ji. Idan ya ce “A’a,” ba ni da bayan da zan ɗauki wannan amsa da shi.

Ranar Talata na ce yau kam sai na tambaya, da zarar ta gama karin kumallo. Na ɗora shi a kan tebur. Noreen ta miƙo mata cokalin kunu, Darla ta danna, ya ce, “Ba wannan b...” Ɗan koren hasken da ke jikinsa ya mutu. Na canja wayar caji, na buga gefensa, na kira sunansa kamar mahaukaci. Mista Aho ya zo da kansa, ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfin a hankali.

Na gwada takardu biyu a gabanta, ɗaya “E” ɗaya “A’a.” Hannunta ya share su duka zuwa ƙasa, ban sani ba ko da gangan ne. Yunwarta na sani a fuska, ciwonta na sani. Wannan ban san shi ba, kuma tun ranar ba ta ɗago ido ta dubi ɗayanmu ba.

Marigayin ya bar Darla, wadda ya yi wa hidima bai taɓa sa mata magana a baki ba. Ya bar wayar cajinsa mai naɗe da baƙin salatif, da ƙarfen da ke riƙe shi a jikin keke, wanda har yanzu ban kwance ba. Ya bar kalmomi talatin da biyu da ba su da wurin zama. Ya bar magaji mai fara’a. Ya bar ni.

Za a yi jana’izarsa ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana a bayan gidanmu, gindin itacen tuffa, kafin ƙasa ta daskare. Mista Aho zai cire batirin tukuna, ya ce haka doka take. Lyle zai haƙa ramin. Fasto ya ce zai zo amma ba da rigar aiki ba, kuma ya yi alkawarin taƙaitawa. Akwai kofi da abin taɓawa a gareji, matan coci kada su wahalar da kansu. An tambayi Darla ko za ta fito, allon ya ce za ta yi farin cikin halarta.

Kada a kawo furanni. Abin da iyali ke roƙo shi ne, duk mai aiki a tsohuwar makaranta ko asibiti, ko wanda ya taɓa renon yaro irin tamu, ya duba kabad da ɗakin ajiya. Akwati ne ruwan toka mai ramuka, mai nauyi, mummuna. Ko murfinsa ya fashe a kawo. Ko maɓalli biyu ne kaɗai ke aiki, sun isa. Tambaya ɗaya ce ta rage mini, kuma ban san abin da zan yi da amsar ba, amma ina so ita ta faɗa. Motar gidan masu larurar za ta zo ɗaukar ta ranar ɗaya ga wata, ƙarfe tara na safe.