Rasuwar Alƙalin Gidan Malam Inuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya saura na dangana, Malam Inuwa Sanda na Badarawa, tsohon ma'aikacin gwamnati, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin wasan kacici-kacici na gidansa, wanda iyali suka fi sani da Alƙali. Ya cika ranar Asabar bayan la'asar, a tsakar falo, yana da shekara tara.

Marigayin ya shigo gidan ne a hannun Safiya, babbar 'yar Malam, wadda ta sayo shi a wani kanti a Doka. An ƙera shi a kan shirin nan na talabijin da ake zaunar da mutum a kujera a yi ta yi masa tambayoyi. Ya zo da allon kwali, da katin tambaya ɗari huɗu, da 'yar na'ura mai batir wadda duk amsoshin suke cikinta. Sai mutum ya shigar da lambar kati, ya danna amsarsa. In ya dace ta ce "tin-tin". In ya kauce ta ce "ɓaaa", kamar tunkiyar da aka taka.

A lokacin Malam bai daɗe da yin ritaya ba. Shekara talatin da biyar ana kawo masa fayil ana jiran ta bakinsa, sai ga shi ya wayi gari babu mai tambayarsa ko ƙarfe nawa. Yakan wuni a kujera, yara kowa kansa a kan waya. Marigayin ne ya sauko da shi kan darduma, ya tara masa iyalinsa duk Asabar.

An shaidi Alƙali da gaskiya. Bai san babba ba, bai san mai gida ba. Hajiya Harira, uwargidan Malam, wadda ta tsaya a aji shida, ita ta fi kowa cinye wasa, domin ba ta manta katin da ta taɓa ji. Malam kuwa, da digirinsa da komai, bai ci ko sau ɗaya ba cikin shekara tara. Ya sha cewa masu ƙera abin ba su yi bincike ba. Ya taɓa rubuta musu takardar koke shafi biyu, Safiya ta karɓa da ladabi ta ce za ta aika.

Ciwon ajali ya fara ne a daminar bara, da sanyi ya shiga na'urar. Murfin batir ya ɓace, aka ɗaure wurin da roba. Muryar ta dushe, har sai an bubbuga shi kafin ya yanke hukunci. Wani mai gyaran rediyo a Kawo ya buɗe cikinsa ya duba, ya mayar ya rufe, ya ce a koma da shi gida a ci gaba da lallaɓawa.

Ranar da Alƙali zai cika, Malam Inuwa ya kai tambayar ƙarshe a karo na farko a rayuwarsa. Kati mai lamba 288 ne: wace ƙasa ce ta fi yawan tsibirai? Ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya danna. Shiru. Aka bubbuga, aka sauya batir, Safiya ta hura masa iska. Alƙali ya tafi da amsar a cikinsa.

Malam ya dubi Hajiya, wadda ta san katin nan tun shekarar farko. Ta ɗaga kai tana kallon fanka, ta ce, "Malam, ni ma na manta."

Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa jin ta manta wani abu ba. Bai sake tambaya ba.

Marigayin ya bar kati ɗari uku da saba'in da ɗaya, da allo mai ɗinkin salatif, da ƙwayar wake da marfin kwalba waɗanda suka daɗe suna riƙon ƙwarya a madadin 'ya'yan wasan da suka ɓace.

Za a yi masa sutura da kwalinsa na asali, a kai shi makwancinsa a saman kabad ɗin ɗakin Malam, kusa da takardar ritaya. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar bayan la'asar, kuma Hajiya ta yarda za ta riƙa jefo tambayoyi da ka, ta yanke hukunci da bakinta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar wayoyinsu a aljihu. Duk wanda ya san ƙasar da ta fi yawan tsibirai, don Allah ya yi gaisuwarsa ya tafi.