Hannun Riga a Hoton Sallamar Malam Ilu

Yau kowane yaro da waya a hannu yana ganin hotonsa nan take. A zamaninmu kuwa sai an wanke ake sanin abin da aka ɗauka, shi ya sa har gobe ba na mantawa da wata Laraba a unguwar masana'antu ta Challawa.

Na dawo ke nan daga koyon hoto a Landan da Alƙahira, ina ji da kaina. Kyamarata ƙirar Jamus ce, babba mai ƙafa uku, wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle a daidaita, da zarar an zura fim kuma ba a sake ganin komai, sai a koma gefe a latsa. Wata masana'antar jima ta kira ni in ɗauki ma'aikata tare da Malam Ilu, dattijon Damagaram da ya ajiye aiki. Motar da za ta kai shi gida za ta tashi ran Juma'a, burinsa ya nuna wa iyalinsa mutanen da ya tsufa a cikinsu.

Na je cikin shuɗiyar babbar riga (a Landan kwat nake sawa, amma ai gida na dawo). Na ɗauki hoton. Da na wanke fim ɗin, rabin hoton baƙi ƙirin, Malam Ilu yana cikin duhun. Na zargi fim, na zargi ruwan wanki. Na leƙa jikin kyamarar ko ta huje, lafiya lau. Na auna haske, daidai.

Washegari aka sake tara mutane. Na yi musu bayani, har da Turanci, cewa injin Bajamushe bai san zafin Kano ba. Na miƙa hannu zan latsa, sai Malam Ilu ya yi gyaran murya.

"Malam mai hoto, yau ma za ku rufa wa kyamarar ido da hannun rigar?"

Na duba. Hannun rigata ya sauko ya rufe rabin gilashin.

"Jiya kun gani?"

"Duk mun gani. Mun ɗauka haka ake yi a Ingila."

Ba wanda ya yi dariya sai da na fara. Na tuɓe rigar, na ɗauke su daga ni sai 'yar ciki, kowa haƙora a waje. Malam Ilu ya tafi da hotonsa.

Tun daga ranar, in zan ɗauki hoto rigar tana rataye a ƙusa, kuma na daina kai ƙarar Jamusawa kafin in duba jikina.