Ni da Fatar Yanyawar Kaka

Akwai wata Litinin da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so, domin 'yan ajinmu ba za su bari ba. Lokacin ina aji biyu a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, a wani gari kusa da Roni. Ni ba mai magana ba ce. Idan malami ya jefo tambaya, ko na san amsa sai in sunkuyar da kai in shiga gyaran murfin biro. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wadda ke cin gyaɗa a cikin hijabi, na san malamin da takalminsa na hagu ke ƙara. Kallon nan ne ya kai ni ya baro.

Kakana maharbi ne, amma tun da ganinsa ya ragu ya rataye bindiga ya koma ɗana tarko a gindin duwatsun bayan gari. Yakan kama zomo da gafiya da kurege, jefi-jefi kuma yanyawa (ga wanda bai san ta ba, kamar ɗan ƙaramin kare take, mai manyan kunnuwa da jela buzu-buzu). Nama a ci a gida. Fata kuwa ya feɗe ta, ya kankare kitsen, ya shafe ta da gishiri, ya kafe ta a inuwa da 'yan tsinkaye har ta bushe ƙamas. Nan aikinsa ya ƙare. Ranar kasuwa ya kai ta Kazaure ya sayar.

Wannan shi ne abin da Baffa Sabo, ƙanin babana, ya kasa haƙuri da shi. Adaidaita-sahu yake tuƙawa a Kazaure, kuma duk Juma'ar da ya zo gida sai sun yi gardamar nan a zaure. Baffa ya ce Kaka ne ke hawan dutse, Kaka ne ke shan ƙaya, amma majema ne ke kwashe ribar, don me ba zai jeme fatarsa da kansa ba kafin ya sayar? Kaka ya ce jima sana'ar wasu ce, da gadonta. Busasshiyar fata mai saye zai yi yadda ya ga dama da ita, amma wadda aka jeme ba daidai ba, ko kyauta ba mai karɓa. Baffa ya ce wannan tunanin da ne. Kaka ya ce to, da ɗin ce ta ciyar da shi har ya yi tsawon da ƙafarsa ke kai wa birki.

Ni ce mai kai musu ruwa, saboda haka duk na ji. Kuma a zuciyata (Allah Ya yafe mini) bayan Baffa nake.

A damunar waccan shekarar wani baduku a Kazaure, Malam Ilu, ya roƙi Kaka ya samo masa fatar yanyawa, da gashinta da jelarta cif. Kaka ya yi masa alkawari. Ya kusa wata biyu yana hawa yana sauka kafin tarko ya kama guda. Ya busar da ita, ya rataye a ɗakinsa, ya aika wa Malam Ilu cewa ranar kasuwa mai zuwa zai kawo. Ban taɓa ganin fata mai kyanta ba. Gashin ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske, bakin jelar kamar an tsoma a tawada.

Sai abu biyu suka haɗu a mako guda. Malama Hauwa ta ce kowa ta kawo aikin hannu ranar Litinin, za a ba da maki, kuma shugabar makaranta da kanta za ta zo dubawa. Kaka kuma ya tafi Babura ta'aziyya ranar Alhamis, sai Litinin zai dawo.

Lissafina ya tafi daidai. Zan ari fatar, in jeme ta, in nuna a makaranta, in mayar da ita kan ƙusarta kafin Kaka ya sauka daga mota. Malam Ilu ya samu abin da ya fi wanda ya nema, Baffa ya ci gardama, ni kuma in ci maki ba tare da na buɗe baki ba.

Kada ku ce ban san komai a jima ba. Gidan Gwaggona a Kazaure katangarsu ɗaya da wani majemi, kuma na yi hutu guda cur ina hawa turmi ina leƙensa. Na ga kwatarniya uku. Ta farko ruwan toka da kanwa. Ta biyu kashin tattabara. Ta uku dakakkiyar bagaruwa. Na san yadda yake naɗe hannun riga, na san sandar da yake juyawa da ita tana da tsaga a kai. Abin da ban yi ba shi ne tambaya. Sau biyu yana ɗago kai ya ce, "'Yan mata, ana kallo?" ni kuwa in sulale daga kan turmi.

Na samo tsofaffin tukwane uku na jera a bayan rumbu, kusa da akurki. Fatar ta yi kwana biyu a toka da kanwa (na ƙara kanwar, don aikin ya yi sauri). Ta kwana ɗaya a kashin tattabara. Bagaruwa kuwa wuni ɗaya ta samu, saboda Litinin ba ta jira. Da Inna ta yi maganar wari, sai ta ɗora wa kaji laifi, ni kuma ban kare su ba.

Da safiyar Litinin na tsamo ta. Ba ta bushe ba, kuma na lura 'yan gashi kaɗan sun manne mini a yatsa. Na ce wa kaina idan ta sha iska za su kama. Sai na naɗe ta a takardar buhun siminti, na sa a baƙar leda, na ƙulle, na ƙara wata ledar, na cusa a jaka tsakanin littafin lissafi da na Hausa. Iskar da ta sha ke nan.

Darasin farko ya wuce lafiya. Da rana ta fara dukan kwano, Rukayya, wadda muke benci ɗaya, ta ɗaga hanci ta juya hagu ta juya dama.

"Ke, kin ji?"

"Na ji," na ce.

Kafin tara ta yi, aji duka ya ji. Monita ta yanke hukunci cewa mushen ɓera ne, ta ce kowa ta tashi a nema kafin Hajiya Shugaba ta iso. Aka ja bencuna, aka ɗaga allo, aka zazzage kwandon shara. A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya a labarin nan gaba ɗaya: da ni aka yi neman. Ba ma nema kawai ba, ni ce na nuna wata ɓula a silin na ce wataƙila a can ya mutu. Maganata ta farko ke nan a gaban aji a zangon nan. Monita ta yaba, ta aika aka aro doguwar sanda. Duk inda na nufa da jakata a kafaɗa, sai a ce warin ya koma can.

Muna cikin zungurar silin Malama Hauwa ta shigo, Hajiya Shugaba na biye da ita cikin sabon baƙin hijabi, ko karin ninkinsa bai baje ba. Malama ta ba da haƙuri game da ɓeran, aka buɗe tagogi, aka fara kiran suna. Masu faifai suka kai, masu mafici suka kai. Rukayya ta kai hular saƙa (yayarta ce ta saƙa, na ga zaren a gidansu). Sai aka zo kaina.

Daga bencina zuwa teburin malami taku bakwai ne. Na ƙirga. Na kwance leda ta farko, layin gaba suka ja baya. Na kwance ta biyu. Wata daga can baya ta ce, ba da ƙarfi ba, "An ga ɓeran."

Malama ta rufe hanci da gefen mayafi ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce fata ce, na jeme. Ta ce in ɗaga murya. Na ɗaga, na sake faɗa, yadda har 'yan aji ɗaya da ke maƙwabtaka da mu suka samu labari.

Hajiya Shugaba mutuniyar kirki ce, kuma kirkin nata ne ya ƙarasa ni. Ta ce a daina dariya, yarinyar nan ita kaɗai ce ta kawo abin da ba a saya a kasuwa ba. Ta ɗauki fatar ta wuya, ta ɗaga ta yadda kowa zai gani, ta shafa ta daga kai zuwa jela kamar yadda ake shafa mage.

Gashin ya bi hannunta. Duk na gadon bayan, tas, ya bar wata hanya fara sol mai santsi. Hajiya ta dubi tafinta. Ta goge a hijabi, wanda kuskure ne. Ta girgiza fatar kaɗan, ko don ta tabbatar, sai gashin jelar ya zube a kan rajista, abin da ya rage kamar igiyar guga. Iskar taga ta ɗebi sauran ta raba wa layin gaba.

"Da ma haka take," in ji Hajiya, "ko yanzu ta fara?"

"Yanzu ta fara, Hajiya."

Ta gyaɗa kai kamar na ba da amsa daidai. Malama ta ce in fita da abata gindin darbejiya in jira a tashi. A can na wuni, ni da yanyawa da ƙudaje, ina hango Hajiya tana tafiya ofis tana tsintar gashi a ƙirji ɗaya bayan ɗaya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Da na isa gida, takalman Kaka na ƙofar zaure.

Na durƙusa na ajiye ledar a gabansa, na faɗi komai ina kallon tabarma. Bai yi faɗa ba. Ya baje fatar a gwiwa, ya ja ta nan, ya ja ta can, ya kai hanci. Ya tambaye ni me da me na sa, na lissafa. Sai ya bayyana mini, a hankali, cewa majemin da na leƙa fatun awaki yake jima, na takalma da jakunkuna, kuma aikin toka da kanwa guda ɗaya ne a duniya: cire gashi. Mai son fata da gashinta ba ya bari ta ko gifta kusa da kwatarniyar farko.

"Amaryata," ya ce (haka yake kirana, wasan kaka da jika), "tokarki ta yi kyau. Da akuya ce, da kin gama."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ce ranar kasuwa in shirya, tare za mu. Shi ya yi alkawari, amma ni na taɓa kaya, don haka bakina ne zai yi bayani.

Malam Ilu na zaune a rumfarsa yana ɗinkin kube. Suka gaisa da Kaka, gaisuwa mai tsawo, ni kuwa ina addu'ar kada ta ƙare. Ta ƙare. Na miƙa fatar da hannu biyu na yi bayani, maƙwabtan rumfa suna matsowa. Malam Ilu ya juya ta gaba da baya, ya daɗe yana duban jelar, sannan ya tambayi Kaka ko wanzami ya kai wa. Ya ce wanda ya sa shi neman fatar ba zai karɓi wannan ba, amma zai roƙe shi ya ƙara haƙuri, tunda Kaka bai taɓa saɓa masa ba. Kaka ya ce zai sake hawa dutse. Na dubi ƙafafunsa, da faso da tabon ƙaya, na ji da ma dukana ya yi.

Sai bayan girbi tarko ya sake kama wata. Duk tsawon lokacin, ni ce mai wanke tarkuna da shafa musu mai, ba wanda ya sa ni. Baffa Sabo kuwa bai bar gardamarsa ba. Ya ce shi jima ya ce a yi, bai ce a yi aski ba.

Malama Hauwa ta ba ni maki huɗu cikin goma, ta rubuta "ƙoƙari" a gefe. Abin da na koya kuwa bai fi wannan ba: ido yana nuna maka yadda ake yin abu, amma ba ya faɗa maka don me ake yi, sai ka buɗe baki ka tambaya. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Ta rashin tambaya kuwa, tawa ta shekara uku yanzu, kuma har gobe idan wani abu ya yi wari a makarantarmu, ba a duba silin. Jakata ake kallo.