Ranar Da Aka Karanta Foldodina A Gidan Takaba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, bayan la'asar, da na sha kunyar da ta fi ƙarfin mayafina a wani gida da ke nan Tudun Wada. Abin haushin ma shi ne, gwanintata ce ta jawo mini.

Ni mai ɗaukar hoto ce. Shekarata tara a sana'ar nan, kuma da yake ni mace ce, inda maza ba sa shiga nan nake cin kasuwata: kamu, walima, suna, ɗakin amarya. Daga Tudun Wada zuwa Kongo akwai waɗanda suka fi ni tsadar kyamara, amma a wajen adana hoto ban san na biyuna ba (na sani, yabon kai jahilci, amma ku bar ni in yi, faɗuwar tana tafe). Ba na goge memorin kyamara sai na tabbatar hoto ya zauna a wuri uku: a kwamfutata, a faifan ajiya da ke shago, da wani faifan da na kai gidan yayata a Hanwa saboda gobara ko ɓarawo. Kowace shekara da foldarta, cikin shekara kuma kowane taro da tasa. Abokan sana'a da suka zo suna salati hotunan biki sun ɓace, har wa'azi nake yi musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunaye. A garin nan, in ka jefa tsakuwa a gidan biki, kan Aisha ko Fatima za ta sauka. Na wayi gari da "Bikin Aisha" har guda bakwai, ban san wacce ce wacce ba. Sai na ɓullo da dabara: in raɗa wa folda sunan abin da ya fi tsaya mini a rai a wurin taron. Wallahi dabarar ta yi aiki. Ko cikin barci aka tashe ni zan nemo hoton da ake so. Da tafiya ta yi tafiya, sunayen suka zame mini jiki, har na daina ganinsu a matsayin tsiya.

Ran nan sai Bilkisu ta kira ni, wata da na ɗauki hotunan bikinta shekara huɗu da suka wuce. Mahaifinta ya rasu, an yi arba'in, mahaifiyarta Hajiya Rabi tana takaba. Shi marigayin mutum ne da bai yarda da hoto ba, ko kyamara ya gani sai ya juya ƙeya. Ban da ɗan ƙaramin hotonsa na katin aiki, ba su da komai. Wayar Bilkisu da ke da hotunan bikin an sace, kundin da na buga musu kuma ruwan damina ya lalata shi.

"Hajiya ta ce kamar ta ga kin ɗauke shi a ɓoye ranar walima," in ji Bilkisu. "Don Allah ko yana nan? Ta ce fuskarsa ta fara gushe mata."

Na ce, "Bilkisu, ni ce fa. Hoto ba ya ɓata a hannuna. Ga ni nan zuwa."

Da yake mai takaba ba ta fita, sai na saɓi kwamfuta da faifan shago na nufi gidan. Na tarar da falon Hajiya cike da matan unguwa da suka zo ɗebe mata kewa, kusan rabinsu na taɓa yi musu aiki. Muka gaisa, na yi ta'aziyya, na zauna a kan darduma na buɗe kayana ina wani yanga. Har na ɗan yi musu bayanin ajiya uku, alhali ba wanda ya tambaye ni.

Bilkisu ta ce idon Hajiya ba ya ganin ƙananan abubuwa, ko za a iya haɗawa da talabijin? Na ce me zai hana, ai da wayar haɗin nake yawo. Da hannuna na jona. Da hannuna na buɗe foldar shekarar. Sunaye suka jeru a bango, manya-manya, kamar allon makaranta.

Akwai wata Malama Asabe a wurin, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Irin mutanen nan ne da ko takardar ƙunshin ƙosai suka gani sai sun karanta da ƙarfi. Ta gyara tabarau.

"Bikin da shinkafa ta ƙare," ta karanto. Aka ɗan yi dariya. "Amarya mai kukan ƙarya. Uwar ango sarkin faɗa. Walimar da kwalliya ta fi abinci."

Na kai hannu zan sauka ƙasa da sauri, sai na ƙara bankaɗo wasu.

"Sunan jariri mai kunnen jemage," Malama ta ci gaba, sannan ta tsaya. A jikin foldar ga ɗan hoton jaririn nan ya leƙo, cikin farin shawul. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Wannan ai jikana ne."

Wata daga can gefe ta ce, "Shinkafar nan kuma ta bikin 'yata ce ko? Ai ba ƙarewa ta yi ba, ɓoyewa aka yi wa dangin ango." Wata ta ce, "'Yar nan, ashe haka kike kallonmu ta cikin gilashin nan?"

Amma duk wannan somin taɓi ne, domin a daidai lokacin na tuna sunan da na sa wa foldar gidan da nake zaune a cikinsa. Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyau: in fizge wayar haɗin, in ce faifan ya lalace, in tattara in gudu. Yatsana har ya taɓa wayar. Sai na ɗaga kai na ga Hajiya Rabi. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi fushi ba, ba ta ma san ana wata hayaniya ba. Ta matso bakin kujera, carbi a hannu, ta ƙura wa talabijin ido tana jiran mijinta. Tausayinta ya kama ni, na ji ba zan iya yi mata ƙarya ba.

Na sauka ƙasa a hankali. Malama Asabe, wadda yanzu take da dalilin ɗaga murya, ta karanto shi dalla-dalla:

"Gidan Alhaji kar-ki-ɗauke-ni da Hajiya Rediyo."

Bilkisu ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba.

"Ni ce rediyon?" in ji Hajiya.

"Hajiya, don girman Allah ki yi haƙuri, ƙuruciya ce da..."

"Buɗe."

Na buɗe. Hoto ɗari huɗu da wani abu, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Na wuce kamu, na wuce ɗaurin aure, na isa walima. Ga shi nan. Ta bayan labule na ɗauke shi: Alhaji zaune a kan tabarma a tsakar gida, hula a gwiwa, Hajiya tsaye a kansa hannu a sama tana zuba bayani, shi kuma ya ɗago yana kallonta yana dariya har haƙoransa a waje.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta miƙe, ta je gaban talabijin, ta sa yatsa a kan fuskarsa.

"Shekara talatin da takwas yana sauraron rediyon nan," ta ce, "bai taɓa cewa a rage murya ba. Yanzu ina ta magana a ɗaki, ba mai saurare."

Sai hawaye. Matan falon suka shiga share ido, ni ma na yi kukan, nawa dai gauraye yake da na kunya. Da ta natsu ta juyo ta ce in wanke mata shi babba, ta sa mini albarka. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ki je ki nemi gafarar Malama. Kunnen yaron nan na gidansu ne, ba laifinsa ba ne."

Na nemi gafarar. Malama ta ce ta yafe, amma da aka yi sunan jikanta na gaba, wani yaro mai waya aka kira ya ɗauki hotunan. Kafin magariba kuwa labari ya gama unguwa, mako guda ina amsa waya daga matan da ke son jin nasu sunan. Na rantse wa kowacce cewa ita sunanta na yanka na sa.

Yanzu kowace folda tawa tana ɗauke da kwanan wata, da cikakken sunan mai taro, da unguwarsa, shi ke nan. Na gane cewa gulmar baki iska ke kwashe ta, amma wadda aka rubuta wa na'ura tana nan tana jiran ranar taro. Har gobe sunayen tsiya suna zo mini in ina aiki, hali zanen dutse. Sai dai yanzu a zuci nake barinsu, kamar yadda sauran mutanen kirki suke yi.